Tumaki a Tudun Katangu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ina fatan ciwon gwiwar nan ya sake ka.

An dakatar da ni daga aiki ranar Litinin. Gara ka ji daga bakina kafin takardar ta iso teburinka a hedikwata, tunda kai ka tsaya mini aka ba ni kula da tudun nan. Laifina shi ne na buɗe ƙofar shinge, tumaki suka shiga.

A hoto kawai ka san tudun, to bari in faɗa maka yadda yake a ƙasa. Tsofaffin gonaki ne hawa-hawa, kowace da katangar dutse da aka jera ba laka ba siminti. An daina noma su tun kafin a haife mu, amma makiyayan gindin tudun ba su daina hawa da tumakinsu ba. Da hukumarmu ta karɓi wurin a matsayin kayan tarihi, wani babban baƙo ya zo buɗe shi, ya taka kashin tumaki da farin takalmi a gaban masu ɗaukar hoto. Ba a jima ba aka zagaye tudun da waya, aka kafa allo cewa an hana kiwo domin kare tarihi.

Tun daga nan babu bakin da ya taɓa ciyawar wurin. Tsiron ƙayar da tumaki kan cinye tun yana ɗanye yanzu ya fi ni tsawo, saiwarsa ta shiga tsakanin duwatsu tana ture su. Na rubuta rahoto, na haɗa da hotuna da misalan wuraren da na karanta ana gayyato makiyaya su yi kiwo don wannan dalili. Darakta ya amsa da cewa a sayo adduna. Muka sare, ya sake tohowa fiye da da.

Aikin jarida da na yi a baya ya koya mini kada in faɗi abin da ban gani ba. Na ga katangun sama sun yi ciki kamar za su zube, damina kuma tana tafe. Sai na buɗe ƙofar da rana tsaka, na kuma rubuta a rahoton mako cewa ni na buɗe.

Kada ka gaya wa Mama tukuna.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Wasiƙarka ta iso, na gode. Na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi. Mu ma nan lafiya lau.

Ka ce in rubuta takardar ban haƙuri in ce kuskure ne, kai kuma ka san wanda za ka gani. Na san abin da kake hangowa: gida, makarantar ’yan biyuna, da sunanka da na jawo cikin magana. Sunan naka ne ya fi damuna. Amma ba zan rubuta ba. In na ce kuskure ne, da bakina za a rufe ƙofar, wanda ya zo bayana kuma ba zai yi gangancin taɓa ta ba.

Ban ce tumakin waliyyai ba ne. Kafin a dakatar da ni wani rago ya hau katangar ƙasa ya zubar da duwatsun samanta, kuma hoton ɓarnar da Darakta yake yawo da shi na gaske ne. Ni da maigadin tudun muka mayar da su kafin azahar. Katangar da saiwa ta tsaga kuwa sai an rushe ta an sake jerawa, kuma daga ranar ta zama aikinmu, ba na mutanen zamanin da ba.

Kada ka ɗauka makiyayan sun ɗauke ni a ka. Na je wurin Inna mai tumaki, wadda sauran suke jin maganarta, na roƙe ta a kauce wa katangun da suka raunana. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce wai ’yar boko, jiya mun kore su saboda kashi, yau kuma za mu koya wa tunkiya inda za ta sa baki. Na ce rabin maganarta gaskiya ne. Ta ce sauran rabin in kai wa mai farin takalmi. Washegari dai ta karkatar da garken daga inda na nuna.

An ce a bar komai yadda yake har kwamiti ya zo ranar Alhamis, don haka ƙofar na nan a buɗe. Na ji kana cikin kwamitin. Ba na roƙon ka kare ni. Ka sa takalmin da ba ka so, ka hau har sama, ka dubi gefen da tumaki suka ci da gefen da ba su kai ba.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Da fatan kun isa gida lafiya, kuma hawan nan bai tayar maka da ciwo ba.

Na hango ka daga bayan waya, tunda ba a yarda in shiga ba. Na ga ka tsaya a katangar da ta tsage, ka zura hannu a ciki, Darakta yana ta bayani kai ba ka ɗago ba. Da kuka fito ba ka dube ni ba. Ban ji haushi ba, na san idanun da ke kanka.

Takardar ban haƙurin da ka bar wa maigadi, wadda ka rubuta da kanka saura sa hannuna, na karanta ta. Rubutun ya yi kyau. Ga ta nan cikin ambulan ɗin nan yadda ka bar ta.

Na gaya wa Mama da kaina. Ta tambaye ni ko sata na yi. Da na ce a’a, ta ce to in zo in ci abinci.

Ka gaishe da Anti da yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Auta

Ƙari: maigadi ya ce ya ji direban kwamiti yana cewa za a bar tumaki a rabin tudun wannan daminar don gwaji, kuma wani za a turo ya riƙe wurin a madadina. Takarda ba ta zo ba tukuna.