Kwanar Ramin da Baba Ya Haƙa

Zuwa ga Yayana Hedley,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Moira da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can New Zealand. Mu nan mun gode Allah, mun shigar da ciyawar tumaki kafin ruwa ya lalata ta, sai dai gwiwar maigidana Ralph da ke ta ƙara kamar tsohon ƙyaure.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san ramukan nan na kan tudu, waɗanda sojoji suka haƙa suna koyon yaƙi kafin a kwashe su zuwa Faransa. Suna nan, ciyawa ta lulluɓe su, tumakinmu na fakewa a ciki in iska ta taso. Tun da ƙafafun Baba suka ƙi, ba shi da zance sai na kwanar ramin da ya haƙa da abokansa uku yana soja, waɗanda ba su dawo daga yaƙin ba. Ya ce a kai shi ya zauna a wurin ko sau ɗaya, kafin dusar ƙanƙara ta toshe hanya.

Ran Lahadi muka ɗora shi a kan tsohuwar goɗiyarmu muka hau. Yaya, ramukan nan sai lanƙwasa suke, kowace kwana kamar 'yar'uwarta. Mu tsaya nan ya ce ba nan ba, mu matsa can ya ce ba can ba. Ralph ya tsokane shi, wai ashe da wannan kan aka ci Jamus da yaƙi. Baba ya ce ya rufe masa baki, shi da ko ramin dankali bai iya haƙawa ba. Muna cikin dariya sai Baba ya ce shi fa wurin ya ɓace masa, amma Hedley ya sani, a kira masa Hedley. Ya yi ta waige-waige yana neman ka. Da ƙyar na riƙe hawaye har muka sauko.

Kuma gaskiyarsa ne. Kai yake ɗauka ku hau can muna yara, ni a bar ni da wanke-wanke, wai tudu ba wurin 'ya mace ba ne. Ga shi ɗan lele ya haye teku da sanin wurin, ni da ke kusa sai raba ido. Ba mita nake yi ba, kewarka ce ta dame ni.

Kada ka zana min wurin a takarda ka aiko, na san halinka. Zumunta a ƙafa take. Likita ya ce da wuya Baba ya ga ƙarshen hunturun nan, don haka ka zo da kanka ka riƙe masa linzami.

Ka gaida Moira, da Alison da Ninian ƙarami. Ralph da Goggo Mabel suna gaishe ku. Baba bai ba da gaisuwa ba, ya ce ai kana hanya.

Ƙanwarka,
Elspeth