Ƙyauren Anti Tela

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Mama da duk mutanen gida. Yaya gwiwar? Kunnen kam ba sai na tambaya ba, domin jiya na yi minti goma ina ihu a waya cewa an rufe makaranta, kai kuwa kana ta ce mini madalla. Shi ya sa na koma ga takarda. Direban motar magani da ke wucewa ta wajenku ya yarda ya riƙa miƙa maka.

Mu nan lafiya lau, sai kullen annobar nan. Litinin da Alhamis kawai ake barin mutane su fita sayen abinci. Firinsifal ɗinmu ya tara malamai kafin a kulle get, ya ce daga yanzu karatu ta intanet za a yi. Yadda yake furta kalmar, sai ka rantse shi ya ƙera ta. Na ɗaga hannu na ce yara arba'in da biyar gare ni a aji shida, kuma goma sha huɗu ne kaɗai ke da babbar waya a gidansu. Ya gyara takunkuminsa ya ce, “Malama, zamani ba ya jiran kowa.” Na ce ni ma ba zamanin nake jira ba, jarrabawar fita nake jira, wadda za a yi wa duka arba'in da biyar ɗin.

Kai da ka yi shekara talatin kana hedimasta ka san ba zan zauna in naɗe hannu ba. Ga abin da na yi. Akwai wata mai ɗinki a bakin layinmu, kowa Anti Tela yake ce mata. An bar shagonta a buɗe saboda takunkumi take ɗinkawa. Mace ce mai faɗa, ko kaza ta leƙa shagon sai ta ji dalili, amma da na je mata da maganar ba ta bari na ƙarasa ba. Na ajiye bokiti biyu masu murfi a bakin ƙofarta. A shuɗin nake zuba darasin lissafi da na rubuta da hannu, surukinka yana taya ni kwafa har yatsunsa suka fara ƙara. A jan kuma yara ke jefa littattafansu. Littafin da aka jefa ranar Litinin ba na taɓa shi sai Alhamis, sannan in shanya shi a igiyar wanki ya sha rana kafin in duba. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta tambaye ni ko yanzu boko ma wanke shi ake yi.

Abin da zai fi yi maka daɗi shi ne rajista. Ban sa ta ba, Anti Tela ce da kanta ta ce ba za ta yi gadin bokitin da ba ta san mai zuwa da mai fashi ba. Ta sa kowane yaro ya rubuta sunansa a bayan ƙyauren shagon, ita kuma tana jan layi ɗaya da allin ɗinkinta duk ranar da ya kawo aiki. Sharaɗinta ɗaya ne: sai ta ga fuskar mai littafi. In ƙani ko yaya aka aiko, za ta karɓi littafin, amma babu layi.

Ka sa mu a addu'a. A gaida Mama, a ce mata ta daina zuwa barka da takunkumi a haɓa.

Taka har kullum,
Auta


Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fata wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Na sami amsarka, har da gyaran da ka yi mini da jan biro a wuri uku. Na gode, amma ka sani yanzu shekarata talatin da bakwai.

Baba, raina a ɓace yake. Mako ashirin muka yi a kan bokitin nan. Tun mako na uku malamin Turanci ya fara kawo nasa takardun, malamar kimiyya ta biyo baya, har malamin tarihi da ba ya gaisawa da kowa ya zo a kan kekensa. Bokitin shuɗi ya yi kaɗan, sai da mai shagon kusa ya ba mu aron baho. Yara sun zo cikin ruwan sama da littafi a ƙarƙashin riga. Akwai wani da muke kira Kanikanci, yana taya babansa gyaran babur, duk shafinsa da tambarin yatsa na baƙin mai, amma bai taɓa fashi ba.

Shekaranjiya aka kira mu makaranta. Wai takarda ta zo daga ofishin ilimi: ba za a sa sunan ɗalibi a jarrabawar fita ba sai ya halarci kashi uku cikin huɗu na darussan lokacin kulle. Firinsifal ya ɗauko abin da kwamfuta ta buga masa. Yara goma sha huɗu sun cika. Sauran talatin da ɗaya, sifili ne a gaban sunan kowannensu, sai su maimaita shekara. Na ce masa waɗannan yaran sun fi zuwa aji fiye da wasu masu wayar, waɗanda ke kunna ta su kife a kan katifa su koma barci. Ya ce shi bai san da wani aji a shagon tela ba, kuma bokiti ba ya cikin tsarin koyarwa.

Ka san abin da maimaita shekara yake nufi a gidajen nan. Rabinsu ba za su dawo ba. Kanikanci zai shige garejin babansa, shi ke nan an gama. Yaran sun taru a ƙofar gidana, kowa da tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa kamar an dasa su. Na ce musu su koma su ci gaba da bita, sunayensu za su shiga. Ban san ta yaya ba lokacin da na faɗa.

Yanzu na sani. Ranar Asabar makaranta za ta yi bikin karramawa, Sufeto zai zo ya ba Firinsifal lambar yabo a kan karatun intanet. An hayo rumfa, an wanke labule. Ba a gayyace ni magana ba, amma ba a ce kada in zo ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Na je na ƙirga layukan ƙyauren. Ranakun kawo aiki arba'in ne gaba ɗaya, ana bukatar talatin. Kowa ya haye sai yarinya ɗaya, Doguwa, wadda ta fi kowa kai a ajin. Nata ashirin da takwas ne. Mahaifiyarta ta kwanta da cutar, ita ta yi jinyarta mako shida ba ta fita ba, ƙanwarta ke kawo littafin. Aikinta yana hannuna cif, ko ɗaya bai ɓace ba. Layi biyu kawai, Baba.

Surukinka yana gaisuwa. Ya ce in gaya maka yana neman sukudireba mai kyau.

'Yarka,
Auta


Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Mama. Ina fata zazzaɓin da aka ce ta yi ya sauka. Ka zauna da kyau kafin ka karanta wannan.

Zan fara da abin kunyata. Ranar Juma'a da la'asar na je shagon, Anti Tela ta zagaya baya wanke hannu, allinta yana kan keken ɗinki. Na ɗauka. Na tsaya a gaban sunan Doguwa, hannuna har ya taɓa katakon. Sai na ji muryarta a bayana: “Malama, in za ki ja layin nan, ki ja da hannunki ki kuma rantse da bakinki, ni ba ruwana. Abin da idona ya gani shi na rubuta.” Na juyo zan yi mata masifa, sai na tuna ranar da ka hana ni kyautar zuwa makaranta ba fashi a aji huɗu saboda na makara sau ɗaya, alhali a kan kekenka muka makara tare. Na ajiye allin. Na yi kuka a hanya, kuma kai na yi ta yi wa faɗa a zuciyata har gida.

Da safiyar Asabar surukinka ya kwance ƙyauren. Yara huɗu suka ɗauka, sauran suka biyo baya da littattafansu, kowa da takunkumin da Anti Tela ta ɗinka da ragowar yadi, babu biyu masu kala ɗaya. Ita ma ta biyo mu da awon ɗinki a wuya, wai ba ta yarda ƙyaurenta ya je ko'ina ba ita ba. Iyaye suka fito daga layi-layi suka bi sahu. Maigadi ya ga ƙofa tana neman shiga ƙofa, ya rasa dokar da zai kawo, ya buɗe mana.

Mun tarar Firinsifal yana tsakiyar jawabi, ga babban allon talabijin an kafa, yana nuna hotunan yaran nan goma sha huɗu. Ba na ƙyashinsu, su ma nawa ne, sun yi ƙoƙari. Muka jingina ƙyauren a jikin teburin manyan baƙi, dab da kofunan da za a raba. Firinsifal ya ce a fitar da wannan tarkacen. Na ce, “Ranka ya daɗe, ba tarkace ba ne, rajistar aji shida ce. In za a fitar da ita, a fitar da ni tare, amma sai Sufeto ya karanta.”

Sufeto dattijo ne marar yawan magana. Ya sauko, ya sa tabarau, ya bi sunayen da yatsa. Ya zaɓi yara biyar, ya karɓi littattafansu, ya gwada kwanan watan da na sa da jan biro da layukan alli. Suka yi daidai. Ya tambayi wa ke riƙe da rajistar. Anti Tela ta matso ta ce ita ce, kuma a yi sauri don ta bar shago a hangame. Da ya iso kan Doguwa ya ga giɓin, ya tambayi dalili, aka gaya masa. Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ce da ya tarar da kowane layi a cike da bai yarda da ƙyauren ba, wannan giɓin ne ya sa ya yarda. Ya aika a ɗauko hatiminsa daga mota, ya buga a jikin katakon, ya sa hannu a ƙasa.

Talatin sun shiga, Baba. Na roƙe shi a kan ta talatin da ɗaya, na buɗe masa littafinta shafi-shafi. Ya ce ba zai karɓi rajista ya kuma ƙi abin da ta faɗa ba. Doguwa tana tsaye tana ji. Ba ta yi kuka ba. Ta taya 'yan ajinsu murna, sannan ta kama gefe ɗaya na ƙyauren aka mayar da shi da ita.

Ranar Litinin na sami takardar tuhuma a kan tayar da hankali a wurin biki. Na amsa a layi biyu, na manna ta a jikin firij.

Taka,
Auta


Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Mama. An ce gwiwar ta yi sauƙi har kana zagaya gida ba sanda, Allah ya ƙara lafiya.

Sakamako ya fito. Cikin talatin ɗin nan, ashirin da shida sun ci lissafi, Kanikanci na cikinsu. Babansa ya zo har gida ya gyara babur ɗin surukinka ba a tambaye shi ba. Firinsifal ya sa an rubuta a allon bakin get cewa makaranta ta yi fice a sabuwar hanyar koyarwa ta cikin unguwa. Na karanta na yi dariya na wuce. Ya riƙe allonsa.

Ka rubuto cewa na yi daidai da na ajiye allin. Ban ce ka yi ƙarya ba, amma kada ka sa ran in ji daɗi. Duk ranar da na wuce gidan su Doguwa sai na ji nauyin layi biyun nan. Mahaifiyarta ta tashi, sai dai ba ƙarfi, don haka yarinyar ce ke zama a teburin kayan miyarsu daga safe zuwa yamma. Kawunta ya ce karatu ya isa haka. Firinsifal kuma ya ce in ba za ta zauna a aji kullum ba, ba shi da gurbin mai maimaitawa. Na je wurin Sufeto da ƙafata, na zauna a bencin ofishinsa yini biyu har ya gaji da ganina. Ya rubuta mini cewa rajistar da ya buga wa hatimi tana nan a matsayin rajista, in dai mai riƙe da ita ba ta canza ba, wato Doguwa za ta iya maimaita shekarar ta kan ƙyauren.

An buɗe makarantu, kowa ya koma aji, na mayar wa mai shago bahonsa. Bokiti biyun kuwa suna nan inda suke. Anti Tela ta hana a goge ƙyauren, ta ma sa surukinka ya juya shi da ya zo ɗaurawa, yanzu sunayen suna kallon titi. A can ƙasa, ƙarƙashin hatimin, an sake rubuta suna guda ɗaya, na Doguwa. Litinin da Alhamis Doguwa takan rufe teburinta da buhu, ta zo da littafinta, ta tsaya sai Anti Tela ta ɗago ta ga fuskarta.

Jiya na ƙirga, layi tara. Saura ashirin da ɗaya, ita kuwa ta ce arba'in za ta yi.

Ka aiko mini da jan biron nan naka, nawa ya ƙare.

'Yarka mai taurin kai irin naka,
Auta