Jan Ɗigo a Gonar Goggo

Gumel, 6 ga Yuli

Abdulbaƙi,

"Malama, wallahi hoto kawai za a gani, ba wanda zai san inda gonar take." Kai ka faɗa, kana tsugune gaban mahaifiyata Goggo, bara da kaka. Na sa maganarka gaba da gaisuwa don kada ka ce ka manta. To, assalamu alaikum, ya iyali?

Shekara arba'in Goggo na noma gonarta ta bayan Gagarawa Tasha tana kewaye tudun kufan da ke cikinta. Duk tulun mutanen dā da garma ta tono, sai ta mayar ta rufe. Haka uwarta ta yi. Don na koya maka tarihi a sakandare ne na lallashe ta ta nuna maka.

Jiya na buɗe shafin intanet ɗin da kuka zuba bincikenku. Ga tuluna, ga taswira, ga jan ɗigo daidai kan gonar. Ranar Litinin mutum huɗu suka zo da diga, wai zinare suke nema. Sun fasa tulu bakwai, sun tattake geron da ya kai gwiwa. Goggo ta ce, "'Ya'yan nan, wa ya aiko ku?" Ɗayansu ya miƙa mata waya, ga taswirarku a ciki.

Ka gaida gida.
Zinariya Manu

Kano, 11 ga Yuli

Malama, Allah ya ƙara miki lafiya,

Bayan sallama da girmamawa, wallahi kunya ta rufe ni. Fam ɗin shafin yana da gurbin wuri, in ba a cike ba ba ya karɓa, ni kuwa na cike da abin da na'urata ta auna. Amma ki duba alherinsa: wata mai bincike a Damagaram ta ga hotunan, ta ce zanen bakin tulunan iri ɗaya ne da nasu. Da a aljihun tebur na ɓoye su, wa zai sani? Cire ɗigon sai kwamiti ya zauna, a watan Satumba. A ba Goggo haƙuri.

Ɗalibinki mai biyayya,
Abdulbaƙi

Gumel, 14 ga Yuli

Abdulbaƙi, wa alaikas salam.

Ban raina shafinku ba. Na nuna wa 'yan ajina; ba su taɓa zaton ƙasarsu na da abin da duniya za ta leƙa ba. A bar hotunan. Amma gurbin nan, da ka rubuta Gagarawa kawai, da zanen tulun bai canja ba. Fam ka ji tsoro, ba tsohuwa ba.

Goggo ba ta zage ka ba. Ta tsince ɓaraguzan, ta binne, ta tambaye ni ko ita ce ta ci amanar mutanen dā. Akwai kufai uku tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari da ita kaɗai ta san su. Ta so nuna maka bayan girbi.

Masu diga ba sa jiran Satumba. Na ba ka zuwa Alhamis. In na buɗe na ga ɗigon, Juma'a ina Kano da wasiƙarka a hannu, in bi 'yan kwamitin ofis-ofis. Kufan nan uku kuwa, zan ce wa Goggo ta riƙe abinta, ta tafi da su kabari.

Ka huta lafiya.
Zinariya