Kwalba Ɗaya daga Saiwar Dogo

Litinin, 2 ga Yuni

Yau ranar sauya wa saiwa kwalba a ɗakin gwaje-gwajenmu. Duk mako uku muke yi: a yanko ɗan tsinke da hantsaki, a jefa a sabon ruwan abincin saiwa, a mayar kan injin girgiza cikin duhu. Karo na biyu ke nan da na yi ni kaɗai, ba abokin aikina Dogo. Shekara shida muna zama kafaɗa da kafaɗa a teburin nan ba mai cewa uffan, don numfashi kaɗai ya isa ya kai wa saiwa funfuna. In yana son hantsaki sai ya zungure ni da gwiwar hannu. Yau har na miƙa hantsakin gefen dama, ba kowa.

Laraba, 4 ga Yuni

Oga, shugabarmu a wurin aiki, ta ce sinadarin da muka tace daga saiwar Dogo ya sauke sugan ɓerayen gwaji fiye da na sauran. Ta ƙara da cewa kada kowa ya yi zumuɗi, tsakanin ɓera da mutum akwai shekaru. Shi Dogon da ya fara raya saiwar kuwa yana gidan yayarsa, ciwon suga ya cinye masa rabin gani.

Alhamis, 12 ga Yuni

Ina kewarsa. To, na rubuta, sai me?

Litinin, 23 ga Yuni

Kwalba huɗu cikin shida sun yi funfuna, ruwan ya gurɓace. Shidan duk na Dogo ne, sauran kwalaben kuwa lafiya lau. Oga ta ɗaga ɗaya a haske ta ce, "Wa ke surutu a kan kwalabena?" Na ce wataƙila iska ce ta ƙofa. Ta dube ni ta saman tabarau: "Iskar nan ta iya zaɓe, ƙanwata."

Gaskiyar ita ce ni ce. Tun da ya tafi, in na buɗe kwalbarsa sai in tsinci kaina ina ba shi labari. Injin ya fara ƙara, an canza labule, ɓera mai yankakken kunne ya yi ƙiba. Takunkumin fuska ma nakan ja shi ƙasa, wai don a ji ni sosai. Mace da furfura ta fara leƙo mata, tana hira da saiwa!

Talata, 24 ga Yuni

Ta biyar ma ta tafi. Saura ɗaya. In ta mutu, aikinsa na shekara tara ya bi rariya, kuma bakina ne ya kashe shi.

Juma'a, 27 ga Yuni

Na gaya wa Oga komai, kaina a ƙasa. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta karɓi kwalbar ta kulle a nata kabad, ta ce ita za ta sauya ta da hannunta. "Ke kuma wanda kike yi wa maganar yana da kunne, yana da gida. Idonsa ne ya tafi." Na ce me zan je in ce masa? Ta ce abin da na gaya wa kwalba biyar.

Asabar, 28 ga Yuni

Na sa takalmi zan je wurinsa, na cire. Sau biyu.

Lahadi, 6 ga Yuli

Na je jiya. Yayarsa ta kai ni baranda, yana zaune da rediyo a cinya, ya rame. Tun kafin in yi sallama ya ce ya san takuna. Na gaya masa saura kwalba ɗaya, kuma laifina ne. Ya tambayi yadda aka yi. Na faɗa. Ya yi dariya har da tari, sannan ya kashe rediyon ya ce, "To ba ni nawa labarin, tunda an ba saiwa nata."

Ban san na yi awa uku ina zuba ba sai da yayar ta leƙo karo na uku tana murmushi. Da na tashi bai ce in dawo ba. Cewa ya yi Asabar ba ya zuwa asibiti.

Saiwar ta fitar da sababbin jijiyoyi farare, in ji Oga. Dole wani ya kai masa rahoto. Rahoto ne kawai. Na dai goge shuɗin mayafina.