Sunan da Ba Ka Faɗa

Illela, Litinin 3 ga Maris

Zuwa ga maigidana Alkasum,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya ƙafa? Ina fatan mai ɗori ya sake dubawa, kuma ba ka taka ta. Jikin Baba da sauƙi, har ya fara fita masallaci.

Kada ka yi mamakin ganin takarda daga matar da ta shekara shida tana koya wa mutane waya. Mato direba zai ba ka ita hannu da hannu.

Jiya da hantsi saƙon murya ya shigo wayar Baba daga wani layi mai hotonka. Daƙiƙa goma sha ɗaya. Muryarka ce, har da ɗan tarin da kake yi kafin ka fara magana. Ta ce ka saki Sa'ida saki ɗaya.

Sai da na saurara sau uku na gane abin da ya tsaya mini. Tun ranar da aka kai ni Konni ba ka taɓa kiran sunana ba, don sunan mahaifiyarka ne. Ko a shirinmu na murya "abokiyar aikina" kake cewa, a ɗaka kuma "Uwata". Wanda ya haɗa saƙon ya san muryarka, bai san gidanmu ba.

Ka tuna manhajar kwaikwayon murya da muka gwada bara don sharhin da muke rubutawa kan kayan fasaha? Ni na ce ka karanta mata minti ashirin, muka yi dariya da ta yi tallan albasa da bakinka. Mun gargaɗi masu karatu a sakin layi huɗu, mu kuma muka manta ba mu goge komai ba. Kalmar sirrinmu ɗaya ce a ko'ina, saboda aikinmu ɗaya. Kuma ka san ba kowa ya ji daɗin rubutunmu kan masu gyaran waya da ke kwashe hotunan mata ba.

Baba ya ce kunnensa bai tsufa ba. Ka rubuto masa da hannunka.

Taka,
Sa'ida

Illela, Alhamis 6 ga Maris

Maigidana,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki. Takardarka ta iso, na gode da kilishin.

An karanta ta jiya a zaure, gaban Baba da Liman da Kawu Labo. Dauda ɗan Kawu, mai rumfar gyaran waya a kasuwa, shi ya karanta, don idanun sauran sun yi rauni. Da ya zo inda ka yi bayanin suna, Liman ya yi murmushi ya ce lallai ɗa mai kunya ba ya kiran sunan uwarsa da safe, balle a wajen saki. Baba kuwa ya ci tuwonsa duka.

Na canza kalmomin sirri. Sharhin da muka fara kan cajar hasken rana na gyara rabinsa; kana yawan "wato" har yanzu.

Taka,
Sa'ida

Illela, Asabar 8 ga Maris

Alkasum,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka zauna kafin ka karanta.

Saƙo na biyu ya shigo yau bayan azahar. Wannan karon muryar ta ce: "Uwata, ki yi haƙuri, na ƙara ɗaya."

Ban taɓa rubuta wannan kalmar a waya ba, kai ma haka. Ta fito a takardata da taka, sannan a zaure gaban mutum huɗu. Ba na zargin kowa a rubuce, aikinmu ya koya mini haka. Amma hujjar da na ba Baba ta rushe, kuma mu muka faɗa wa mai yin abin inda ya yi kuskure, kamar yadda muke gyara wa juna rubutu.

Liman ya ce shi bai yanke komai ba sai ya gan ka. Baba kuwa yana lissafi da yatsunsa, ya naɗe biyu. Ya ce in na uku ya shigo kafin ƙafarka ta shigo zaurensa, ba zai mayar da 'yarsa gidan da ake shakkar halaccinsa ba, ko malamai sun ce me. Ka san shi.

Tsakanin na farko da na biyu kwana shida ne. Ban san ko za a sake jira haka ba. Na roƙi Baba ya kashe wayarsa, ya ce ba ya gudun magana.

Na yi magana da Mato, zai cire kujerar gaba don ka miƙe ƙafar. Motarsa na tashi daga Konni gobe bayan asuba. Kada ka kira kowa, kada ka aiko saƙo, ko ni ce na kira ka da muryata na ce ka fasa, kada ka yarda. Ka zo da bakinka.

Matarka har yanzu,
Sa'ida