Makullin Benen Hajiya Ya Kwana Biyu a Hannun Dogo

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara kafin in aikata abin da zan dawo ina cizon yatsa.

Ni dillalin gidaje ne, shekarata goma sha shida a sana'ar. Ofishina ɗan shago ne, tebur ɗaya, benci ɗaya, sai ƙusoshi a bango inda nake rataye makullan gidajen da aka ba ni amana. Yanzu ƙusoshin sun fi makullan yawa. Abin da ya riƙe ni kawai benen wata Hajiya ne mai sassa takwas, tun mijinta na da rai ni nake zuba mata 'yan haya. Ranar da benen nan ya kuɓuce mini, sai dai in rufe shago.

A tsallaken titi akwai wani dillali, Dogo ake ce masa. Bai fi shekara huɗu a harkar ba, amma ya iya waya, ya ɗauki hoton gida ya watsa, ka ga mutane na tururuwa. Shi yana da masu nema, ni ina da gidaje, gaisuwa ma sama-sama muke yi. Watan jiya sai ga shi ya tsallako yana washe baki yana kirana Yaya, wai mu haɗa kai, ya kawo mutum in kawo gida mu raba la'ada. Tun daga Yayan nan na sha jinin jikina. To amma sassa uku na benen sun yi wata huɗu a rufe, Hajiya har ta fara tambayata ko lafiya, sai na amince.

Tsakani da Allah, cikin sati biyu aka kama biyu. Na ukun ne, sashen sama, ya jawo matsala. Ranar da Dogo ya kawo wani malamin makaranta ya duba shi na kai matata asibiti, sai na ce ya karɓi makulli wurin telan da ke jikin shagona. Anti, a sana'armu ba a yin haka. Makulli ba ya barin hannunka, kuma ba ka bari wani dillali ya san ƙofar mai gida. Kwana biyu makullin nan ya yi a wurinsa, wai mantuwa. Mantuwa! A kwana biyu ai an yanko goma irinsa.

Jiya na je gaishe da Hajiya, sai take ce mini abokina mai tsawon nan mutumin kirki ne, ya zo har gida ya gaya mata famfon sashen sama na yoyo, ya kuma kawo mai gyara. Wa ya nuna masa gidanta? Murmushi na yi, amma raina ya ɓaci matuƙa. Matata ta ce zargina ya yi yawa, wai ko kaza ce ta kalle ni sai in ce aiko ta aka yi.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma ranar da ya kawo mutum na farko na faki idonsa na karɓi lambar wayar mutumin, don na ji yana cewa ƙaninsa na neman shago. Ban dai kira ba tukuna. Wannan ai taka-tsantsan ne.

Yanzu in canza kwaɗo in raba gari da shi ne, ko in je in ɓata shi a wurin Hajiya kafin ya riga ni?

Naki,
Dillali mai ƙusoshi

Ɗan'uwa, sannu da fama.

Kana da gaskiya a wuri biyu. Bai kamata Dogo ya kwana da makullin ba, bai kuma kamata ya je wurin Hajiya ba ka sani ba. Waɗannan ka faɗa masa su ido da ido.

Sai dai na karanta wasiƙarka sau biyu, ban ga inda ya soke ka ba. Hajiya abokinka ta kira shi, ke nan da sunanka ya yi sallama. Mai shirin ƙwace gida ba kasafai yake shiga da sunan wanda zai ƙwace wa ba. Gidanta kuwa, duk tsohon ɗan hayar benen zai iya nuna masa. Ban ce ka saki jiki ba, na dai ce har yanzu zato ne.

Abin da ba zato ba shi ne lambar da ke cikin wayarka. Kana tsoron ya zagaye ka ya kai ga mai gidanka, alhali kai ka riga ka zagaye shi ka kai ga mutuminsa. Naka ka sa masa suna taka-tsantsan, nasa cin amana.

Kada ka ɓata shi a wurin Hajiya, kai za ta raina. Kwaɗo ka canza in hakan zai kwantar maka da hankali. Sannan ku zauna a gaban wani dattijo na sana'arku, ku rubuta: mai gida naka ne, mai nema nasa ne, duba gida tare, makulli ya dawo ƙusarsa a ranar. A zaman nan ka fara da naka laifin, ka goge lambar a gabansa. Bayan haka ka kai shi wurin Hajiya da kanka a matsayin abokin aikinka. In ya ƙi sharuɗɗan, ka samu amsarka, ku rabu lafiya.

Abu na ƙarshe, ka yi haƙuri da ni. Wata huɗu makullin sashen nan yana rataye a bangonka, famfo na yoyo ba ka sani ba. Shi kwana biyu ya riƙe ya gano. In Hajiya za ta karɓe benenta, ta nan za ta karɓe, ko da Dogo ko babu shi. Gobe da safe ka ɗauki makullan nan ka zaga gidajen mutane.

Allah ya cika maka ƙusoshinka, ya kuma ba Uwargida lafiya.

Anti