Gadon Lilo a Bakin Titi

Herne, farkon Afrilu

Zuwa ga Yayata Waltraud,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gwiwa, da sauƙi ko? A gaida maƙwabta.

Albishirinki, 'yata Katrin ta sauka lafiya. Mace aka samu, an sa mata Merle. Na ɗauke ta, Yaya. Na yi shekara da shekaru ina saran kwal a ƙarƙashin ƙasa, amma ban taɓa ɗaukar abu da lallami kamar wannan da bai fi burodi nauyi ba. Kunnuwan Babanmu ta kwaso, Allah ya sa gashi ya rufe su. Duk wanda na gamu da shi a titi sai na tsayar da shi na gaya masa, har da mai raba wasiƙu.

Na san za ki ce me ya hana in kira ki a waya. Ba kya ji sai an yi ihu, kuma ban je ajin manya na yamma da furfurata don in ajiye alƙalami ba.

Yanzu ki nemi wuri ki zauna, akwai magana. Ranar da na ɗauko gadon lilo daga wurinki, da safen na fitar da tarkacen ƙaramin ɗaki bakin titi don in samu inda zan goge shi da kakin zuma kafin a kai wa Katrin. Tsofaffin kujeru ne, da kwanuka, da fitilar nan mai kama da agwagwa. Na rubuta da hannuna, "Kyauta ne, a ɗauka." Da na dawo na sauke gadon daga motar haya, sai na dire shi a gefensu, na ce bari in fara hawa da katifar da zannuwa. Ina sa makulli a ƙofa waya ta yi ƙara, surukina yana cewa, "Baba, an shiga da Katrin ɗakin haihuwa." Da silifas na fita, ta ƙofar baya, don ta fi kusa da tashar bas.

Da na dawo da yamma, an kwashe komai har da gadon. Agwagwar kaɗai aka bar mini.

Ba sata ba ce, Yaya. Wanda ya ɗauka takardata ya karanta. Na shiga nema, kuma tun jiya abin da nake ta juyawa a raina shi ne, wane ne zai ga gadon jariri a titi ya saɓa? Dole yana da dalili.

Ƙaninki mai farin ciki, mai kunya kuma,
Egon

Billerbeck, Afrilu

Auta,

Na samu wasiƙarka. Ina taya ka murna, ina taya Katrin barka da sauka. Allah ya raya Merle. Kunnuwan Baba ba su hana kowa aure ba.

Rubutunka ya gyaru ƙwarai. Hankalin ne har yanzu yana ajin farko.

Baba ne ya sassaƙa gadon nan da hannunsa kafin a haife ni. Ni na fara kwanciya a ciki, sai 'yan'uwanmu da suka riga mu, sai kai, sai 'ya'yansu, sai Katrin. Allah bai ba ni nawa ba, amma a wurina yake zama. Duk wanda ya ara ya dawo mini da shi lafiya, har surukar nan tamu da ba ta mayar da kwanon aro. Kai kaɗai ka yi kyauta da shi, har da takarda.

Ban damu da dalilin wanda ya saɓa ba. Zan zo baftismar Merle ƙarshen Mayu, kuma a cikin gadon nan nake so in gan ta. Jariri ba ya daɗewa a gadon lilo, da ya fara juyi an wuce wurin. Ni kuma ba ni da tabbacin zan ga wata haihuwar a gidanmu.

A ina yarinyar take kwana yanzu?

Yayarka,
Waltraud

Herne, tsakiyar Afrilu

Yaya Waltraud,

Ina gaisuwa, na kuma karɓi faɗan da hannu biyu. Merle tana kwana a kwandon wanki na kaba da Katrin ta shimfiɗa wa bargo. Ita dai ba ta kai ƙarar kowa ba. Jiya ta yi mini murmushi. Katrin ta ce iskar ciki ce, ni na san abin da na gani.

Na fara da Uwargida Sobotta mai ɗan kanti a kwanar titi, don ko kyanwa ba ta wucewa titinmu ba ta gani ba. Na ce, "Ko kin ga wanda ya ɗauki gadon jariri a ƙofata?"

Ta ce, "Ashe naka ne? Na ce wane tsoho ne ya fid da rai da haihuwa."

Na ce, "Bar zolaya, Yayata za ta yanka ni."

Ta ce, "To sayi jarida tukuna, ba a tambaya kyauta a nan." Da na saya ta ce Kuballa ne, tsohon direban jirgin ƙasan nan mai ɗaura kura a bayan keke.

Na iske Kuballa a lambunsa. Ashe furanni ya so ya shuka a cikin gadon. Na ce, "Furanni?" Ya ce, "Kwantar da hankalinka, ko ƙasa ban zuba ba. Matata ta ce gadon jariri babu jariri ba zai kwana a lambunta ba, tsigar jikinta tashi take. Washegari na mayar da shi titi, ƙofar gidanmu."

Na ce, "Da takarda?"

Ya ce, "To da me? Ni ma ai na iya rubutu."

Daga can wata ɗaliba ta ɗauka don ta jera littattafai. Na samo ta a bene na can sama. Ta ce ita da ƙawarta sun kai shi rabin matakala ya ƙi juyawa a kwana, suka sauko da shi suka ajiye a bakin titinsu. Ta ba ni haƙuri, ta haɗa mini kofi. Kin san a me ta ba ni? A kofin marigayiya matata mai ɗigon shuɗi, cikin waɗanda na fitar. Ban gaya mata ba. Daɗi na ji, ban san dalili ba.

Yaya, na tsufa a unguwar nan ban san haka kaya suke yawo ba. Kujera ɗaya sai ta zaga gida uku a mako. Na lura masu ɗauka kashi-kashi ne. Akwai mai wucewa ya saci kallo, ya je ya dawo kamar ya manta wani abu. Akwai mai zama a kan kujerar a tsakiyar titi ya gwada ta kamar a kanti. Har likitan haƙorina na gani rungume da tukunya.

Ɗalibar ta ce ta hango wani saurayi dogo ya tsaya a kan gadon, ya taɓa shi da ƙafa ya ga yana lilo, sai ya ɗora a kai ya nufi wajen tsohon gidan wanka. Na manna takardu a sandunan fitilun wajen, da zanen gadon da lambar wayata.

Ƙaninki,
Egon

Billerbeck, Afrilu

Auta,

Gaisuwa. Nema na aike ka, ba nazarin mutanen titi ba. Ka kuma daina shan kofi a ɗakin 'yan mata.

Kwandon wanki. Da Mama na raye da ta ja maka kunne.

Duk da haka, saurayin nan ya tsaya mini a rai. Ka ce da ƙafa ya taɓa shi. Wanda bai taɓa raino ba da hannu yake turawa. In ka same shi ka dubi gidan da kyau, ka rubuto mini komai.

Waltraud

Herne, farkon Mayu

Yayata,

Bayan gaisuwa, na samu gadon. Lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Amma ba ya hannuna, kuma ki karanta har ƙarshe kafin ki yage takardar.

Saurayin ne ya kira da kansa. Sunansa Timo, gyaran lif na hawa bene yake yi. Matarsa Svenja. Bara suka taso daga can gabas saboda aiki, ba su da kowa a garin nan. Ɗansu Emil bakwaini ne, ya zo ba su sayi komai ba, ya kuma daɗe a asibiti. Ana gobe za a sallamo shi Timo ya ga gadon. Shi ne babba a gidansu, shi ya raini ƙannensa, kin ga kin canka.

Kin ce in dubi gidan. Ɗaki biyu ne, rabin kayansu har yanzu a kwali. Sun ajiye gadon nesa da taga, kusa da kujerar da Svenja take zama. Ta wanke shi tas, ta ɗinka masa sabuwar katifa daidai shi.

Svenja ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, da mun san da mai shi ba mu taɓa ba."

Na ce, "Ni na rubuta a ɗauka, 'yata."

Timo ya ce, "In ba a cikinsa ba, yaron nan ba ya barci. Mun gwada keken jarirai, mun gwada gadonmu, har yawo a mota na yi da shi. Amma naku ne. Svenja, ɗauke shi, in kai wa Baba har gida."

Ta sunkuya ta sa hannu a ƙarƙashin kansa. Yaya, ɗan mitsitsi ne, bai kai Merle ba ko kusa, ya dunƙule hannu a gefen kunne. Idon uwar kuwa duk ya faɗa don rashin barci. Sai na ji bakina ya ce, "Bar shi ya farka tukuna." Muka zauna muna magana ƙasa-ƙasa. Bai farka ba. Na sha shayi, na ci biskit, na gaya musu labarin Merle tun daga kunnuwa. Bai farka ba. Na yi sallama na sauko hannu rabbana.

Na gaya wa Katrin. Ta ce ita kwandon ya ishe ta, amma ba za ta shiga tsakanina da Gwaggo ba. Ni ma ina so in ga jikata a inda na kwanta, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai kafin Emil ya bar gadon, Merle ma ta wuce shi. Ɗayansu ne kawai zai samu.

Gadon naki ne. Ga adireshinsu a bayan takarda. In kin ce a karɓo zan koma, amma ki faɗa mini yadda ake yi.

Ƙaninki,
Egon

Billerbeck, Mayu

Auta,

Gaisuwa. Tun kana yaro haka kake, a aike ka karɓo abu ka dawo da labari. Yadda ake yi shi ne, a yi godiya, a ɗauke yaro, a ɗauki gado. Tunda ba ka iya ba, zan zo da kaina ranar Talata. Kada ka tare ni a tasha, kada ka biyo ni gidan. In kana wurin za ka fara yi mini wannan kallon naka.

Ka share ƙaramin ɗakin, ka tanadi kakin zuma.

Waltraud

Billerbeck, Laraba da safe

Auta,

Ina gaisuwa. Na je. Ban biyo ta wurinka ba saboda jirgin ƙarshe na yamma na samu da kyar.

Na iske yaron a farke yana tsala kuka, uwar ma saura kaɗan. Lilon nasu ya yi sauri. Na ce ta je ta kwanta, na nuna wa gadon ƙafar da ya sani. Gwiwar ba ta yi mini ciwo ba, ban san me ya sa ba.

Gadon zai zauna can har Emil ya fara juyi. Ka gaya wa Katrin ta sa wa kwandon farin ƙyalle ranar baftisma, zan zo, zan kuma riƙe Merle a cinyata, ai cinyar ma katako ce.

Duk Talata zan riƙa zuwa Herne. Kayana zan je dubawa, don na ga yadda mutanen garinku suke da kayan mutane. Svenja ta ce za ta riƙa ajiye mini miya. In ka ga dama ka tare ni a tasha, amma kada ka ce komai.

Yayarka,
Waltraud